Hunturu da kayan tsirkiya: me ke yaga fatar goge, sanyi ko bushewa?

Umaru Maijita: Assalamu alaikum jama'a, ya sanyi? Tambaya gare ni ga masana. Duk shekara da iskar hunturu ta kankama sai makaɗa su fara kuka iri ɗaya: fatar goge ta yage, ƙwaryar gurmi ta dare, izga na tsinkewa sili-sili, jita kuma ta kama zuzu kamar an zuba mata ƙudan zuma a ciki. Wasu sun ce sanyi ne, a lulluɓe kayan da bargo ko a matsar da su kusa da kasko. Wasu sun ce man kaɗe ne maganin. Wanne za a kama?

Injiniya Nura: Wa alaikumus salam Malam Umaru. Ba sanyi ba ne, bushewa ce. Sanyinmu na Gusau ko Birnin Kebbi, ko a tsakiyar Janairu, da asuba yakan tsaya wajen digiri 13 zuwa 16, rana na ɗagawa ya haura 30. Wannan bai kai ya fasa ice ba. Mai ɓarnar ita ce iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, babu laima a cikinta. A watan Agusta laimar iska takan kai kashi 80 cikin 100. A Janairu da Fabrairu da tsakar rana takan faɗo ƙasa da 20, wani lokaci har kusan 10. Ice da ƙwarya da fata da gashi duk suna shan ruwa daga iska, in iskar ta fi su ƙishi kuma ta zuƙe nasu. Abin da ke sa faso a diddige shi ne ke tsaga ƙwarya.

Maganar kasko kuwa, ƙara wa Barno dawaki ne. Iskar da ke digiri 15 da laima 30, in ka ɗumama ta zuwa digiri 30 ba ka ƙara mata ruwa ba, laimarta ta koma kusan 12. Wato ɗakin da ya fi ɗumi a gidan shi ya fi kowane bushewa. Bargo ba ya cutarwa, yana ma rage saurin canjin, amma ba ya ƙara ruwa ko ɗigo.

Baba Maigoge: Injiniya ka yi gaskiya. Gasa hwata al'adar damana ta. Lokacin ruwa hwata na saki, goge shi kama magana ta hanci, sai a kara shi ga wuta ko a shanya ga rana shi ɗame. Yara sunka ga manya na yi, sunka ɗauka kullum haka a kai. To ga hunturu hwatar guza ta riga ta ɗame tamau da kanta. Ka ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, in ka ji ta amsa ƙyas kamar tasa, ba ta son ƙari.

Wuri ukku take yagewa, ba ta wuce su. Na ɗaya bakin ramin da anka huda gefen hwata don sauti shi hito, don can ne ba ta da abin riƙo. Na biyu gindin ƙusoshin da anka kama ta da su ga bakin ƙwarya, sai ka ga ramin ƙusa ya zama dogo kamar ƙwayar shinkahwa, wannan gargaɗi na. Na ukku ƙarƙashin ƙafar jaki, ɗan abin nan da tsirkiya ka hawa kai. Duk mai goge in ya ƙare kiɗi, shi zare ɗan ƙahon nan ko icen da a ka cusawa gindi don ƙara ɗauri, shi ɗebe jaki daga tsakiyar hwata, shi naɗe gogen ga tsumma mai kauri, shi sa jaka shi rufe. Barin jaki tsaye kwana da kwanaki da tsirkiya na danne shi, shi ka kashe hwata.

Ɗan Yawuri: Baba Allah ya ƙara girma. Amma ni ina bayan masu mai. Fata fata ce. Takalmi da sirdi da gafaka duk ana shafa musu mai da hunturu kada su tsattsage. Me ya raba su da fatar goge?

Hajiya Kulu: Jima ce ta raba su, ƙanena. Fatar takalmi da ta sirdi jemammiya ce, ta sha bagaruwa, ana so ta yi laushi ta lanƙwasu, mai kuwa aikinsa ke nan. Fatar da ake rufa wa goge, garaya, gurmi ko molo ɗanya ce. An kankare ta, an jiƙa, an ja ta tana da lema, ta bushe a kan kayan. Taurin nan da ta yi wajen bushewa shi ne muryarta. Ka shafa mata man kaɗe ko man gyaɗa, man zai ratsa ta, ta yi nauyi, ta yi laushi, sauti ya dushe, kuma ba ya fita. Ba a wanke mai daga ɗanyar fata. Sannan ga ƙurar hunturu: duk inda maiƙo yake nan take zama, kafin mako biyu fatar ta yi baƙin danƙo. Mafi muni, hannun da ya taɓa man shi zai taɓa izga, izgar da ta sha maiƙo kuwa ƙaron da ake goga mata ba ya kama ta, sai bakan goge ya riƙa zamewa babu magana.

Ɗan Yawuri: Na yarda da ta tsakiyar fata. To bayan ƙwarya fa, Hajiya? Nan ba ruwansa da sauti.

Hajiya Kulu: Bayan ƙwarya dama yana da santsinsa, ba ta nan take yawan rasa ruwa ba. Ta ciki ne, wajen farin nan mai taushi, da kuma yankakken baki. In dai don kwanciyar hankali ne, ɗan kakin zuma a goga a bayan da bakin, a murje da tsumma. Ba ya ratsawa, ba ya kama ƙura kamar mai. Amma kada a ɗauka an yi maganin abin ke nan.

Injiniya Nura: Bari in sa baki a nan, don akwai abin da ke rikita mutane. Mai ko fenti ba sa hana ice da ƙwarya bushewa, jinkirta ta kawai suke yi. Ko ba daɗe ko ba jima, kayan zai daidaita da iskar da yake zaune a ciki. Abin da ke fasa kaya abu biyu ne: yawan ruwan da ya fita, da saurin fitarsa. Sannan kowane ɓangare da irin tafiyarsa. Fata tana tsukewa sosai, ƙwarya kaɗan, ƙusa da sandar ƙarfe ko gezau. Fata na ja, ƙwarya na turjewa, sai wanda ya fi rauni ya sallama. In fatar mai kauri ce ƙwaryar siririya, ƙwaryar ce za ta dare daga baki. In akasin haka ne fatar ta yage.

Ɗan Yawuri: Mu dai nan bakin Neja da sauƙi.

Injiniya Nura: Da sauƙi da dare da asuba, a unguwannin da ke daf da ruwa. Haka Argungu a gefen fadama, ko kusa da dam ɗin Bakolori a Talata Mafara. Amma da rana iskar ɗaya ce. Kuma kayan da ya saba da laimar bakin gulbi shi ya fi shiga haɗari ranar da aka ɗauke shi a bayan mota zuwa biki a Jega ko Ƙaura Namoda, domin canjin na zuwar masa lokaci guda.

Malama Rifkatu: Sannunku da ƙoƙari. Bari in kawo ta gogen Turawa, wato bayolin, tunda akwai shi a hannun ƙungiyoyin mawaƙan coci a Zuru da wasu makarantu, kuma yawancinsu daga Legas ake sayo su, inda laima ba ta rabuwa da iska. Shi ba fata gare shi ba. Fuskarsa siririn allo ne na icen sufurus, kaurinsa kamar milimita 3, baya da gefuna na icen maful, allon yatsu da kunnuwan ɗaure tsirkiya kuma na baƙin icen eboni, ɗan'uwan kanyarmu. Masu ƙera shi suna so ya zauna a laima 40 zuwa 60. Ƙasa da 30 an shiga haɗari. Ku kwatanta da lissafin da Injiniya ya kawo.

Alamomin suna zuwa ne bi da bi. Kunnuwa ke fara tona asiri: a buɗe akwati da safe a tarar tsirkiya ɗaya ko biyu sun saki gaba ɗaya. Kunnen ba zare irin na noti gare shi ba, a tsuke yake ta baki ɗaya, matsi kawai ke riƙe shi a raminsa, da ya ɗan rame sai ya warware. Daga nan sai doron fuskar ya sauka, tsirkiyoyi su matso allon yatsu. A ƙarshen allon ya kamata a sami tazarar kamar milimita 3.5 a ƙarƙashin siririyar tsirkiya, 5 zuwa 5.5 a ƙarƙashin mai kauri. In ta ragu sai zuzu ya fara. Sai kuma murya ta yi tsini, ta yi kaushi, saboda ɗan ginshiƙin da ke tsaye a ciki tsakanin fuska da baya, mai kaurin milimita 6. Mutanen Italiya rai suke kiransa. Shi ba ya raguwa a tsawonsa, jikin kuwa ya tsuke a kansa, sai ya zama kamar an dasa tsinke a cikin ganga.

Umaru Maijita: Malama, ke nan abin a juye yake? Baba ya nuna a goge fata na ɗamewa, a bayolin kuma kin ce fuska sauka take yi.

Malama Rifkatu: Ka gano ta. A goge da garaya da gurmi, fata in ta ɗame sai ta ɗaga jaki sama, tsirkiya ta ƙara tsauri, murya ta hau. A bayolin da jita fuskar ice ce mai doro, in ta rame sai doron ya kwanta, jaki ya sauka. Cuta ɗaya, alama biyu. Shi ya sa dabarar wannan ba ta yi wa wancan.

Kafinta Bello: Abin da Malama ta faɗa duk kafinta ya san shi daga ƙofa da taga: ƙyauren da ke cijewa a Agusta shi ne ke ɓalle sakata a Fabrairu. Ice ba ya raguwa ta tsawo, sai abin da ba a rasa ba. Ta faɗi yake tafiya. A laima 80 busasshen katako na riƙe da ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa, a laima 50 kusan 9, a laima 20 kusan 4 da rabi. Icen fuskar bayolin, yadda ake yanka shi, yana tsukewa wajen kashi 0.15 cikin 100 na faɗinsa a duk kashi ɗaya na ruwa da ya rasa. Faɗin ƙugunsa na ƙasa ya ɗan haura santimita 20. Ku yi lissafi: daga laima 50 zuwa 15 allon yana neman ya ragu da kusan milimita 2. In daga laimar damina ya taso, ninki biyu. Ga shi an manne shi ta ko'ina a jikin gefuna. Dole wani wuri ya buɗe.

Masu ƙera shi sun san da haka, shi ya sa suke manna fuskar da gam ɗin fata, wato wanda ake yi da fatar dabba, kuma su tsinka shi da gangan. Nufinsu in ja ya yi yawa, haɗin ya ɓalle kafin allon ya tsage. Haɗin da ya buɗe gyaran yini ɗaya ne, tsagewa kuwa tabo ce har abada. Yadda ake gane haɗi ya buɗe: a bi bakin kayan ana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa a hankali, inda ya saki zai amsa da wata murya kamar fasasshen tulu. A gwada zura siririyar takarda, in ta shige an samu.

Umaru Maijita: To a ɗiga masa sufa gulu mana a huta.

Kafinta Bello: Gyaran gangar Auzinawa ke nan, Malam Umaru. Sufa gulu da Araldite ba sa sakin abin da suka kama. Baɗi iskar za ta dawo, haɗin ya ƙi buɗewa, sai allon ya tsage a madadinsa. Ranar da mai gyara zai buɗe kayan kuma sai ya yage ice. Farin gam na kafintoci ma ba na wannan aikin ba ne: yana jan jiki a hankali in akwai nauyi a kansa, kuma sabon gam ba ya kama tsohonsa sai an kankare. Gam ɗin fata ana jiƙa garinsa, awo ɗaya da ruwa awo biyu, in na bakin fuska ne a ƙara ruwa. In ya kumbura a sa kwalbar a cikin ruwan zafi wajen digiri 60, kada ya tafasa, tafasa na kashe ƙarfinsa. A share tsohon gam da ruwan ɗumi a bakin siririyar wuƙa marar kaifi, a zura sabo da ita, a matse da maƙali mai laushin baki, a goge wanda ya tsatso da tsumma mai ɗumi, a bar shi ya kwana. Da hunturu sai an yi sauri, yana daskarewa kafin ka juya.

In kuwa tsagewa ce, hannu ya fita. Kada a bi ta da yatsa ana nuna wa mutane, maiƙon hannu da ƙura in suka shiga gam ba zai kama ba, layin kuma zai yi baƙi. Wuraren da za a duba: gefen ramukan sauti biyu, da ƙasa can inda aka dasa ɗan guntun eboni da igiyar mariƙin tsirkiya ke hawa. Guntun nan kwance yake a gicciye, ba ya raguwa, allon na tsukewa ta gefensa biyu, sai tsaga ta taso daga ƙarshensa ta miƙe sama. Mafi tsada ita ce wadda ta bi ta kan ginshiƙin ciki.

Malama Rifkatu: Ƙari kan na Malam Bello: in an ga tsaga a sassauta tsirkiyoyi, amma ba duka ba. Su huɗun suna ja da nauyin da ya haura kilo 20, kusan kilo 9 na sauka a kan jaki, kuma matsin nan yana cikin abin da ke riƙe ginshiƙi a tsaye. In aka saki gaba ɗaya yana iya faɗuwa. In an ji wani abu na gungurawa a ciki, kada a sake ɗaure tsirkiya ko ɗaya sai an tayar da shi, in ba haka ba fuskar ce za ta lotsa.

Baba Maigoge: Ku dawo ga izga, ita ta fi kashe wa makaɗi kuɗi. Gashin wutsiyar doki na, ga tsirkiya ga baka, duk shi ɗaya. Da damana tsawo yake ƙarawa, da hunturu shi taƙure, shi yi gautsi. Bakan da anka ɗaure tamau watan ruwa, iska na zuwa sai ka ga ya ƙara lanƙwasa, sili na ɓallewa daga baki. Wanda yat tsinke kada a fizge shi, a yanke da reza daidai gindi. Fizga na sassauta ƙullin, sauran su biyo shi. In tsinkewar ta taru gehe guda, a kwance a sake jerawa, don ja ya koma kan 'yan kaɗan.

Ƙaro kuma, mutane na cika shi da hunturu don sun ji baka na zamewa. Sanyi da bushewa na sa shi tauri, shi koma gari, bai kamawa kamar da. A ɗuma shi cikin tahin hannu ko aljihu tukuna, a goga sau ukku ko huɗu, ya isa. In anka cika, ƙura ta hau kai, sai murya ta yi ƙarar yashi.

Injiniya Nura: Maganar Baba tana da tushe a kimiyya. Gashi na ɗaya daga cikin abubuwan da aka fara auna laimar iska da su: a 1783 wani masani ɗan Siwizalan, de Saussure, ya ƙera ma'auni da silin gashin mutum, domin tsawonsa na canjawa da kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100 tsakanin busasshiyar iska ƙayau da jiƙaƙƙiya. Bakan bayolin na da sili 150 zuwa 200, tsawonsu kusan santimita 65, saboda haka milimita da yawa ake magana. Idan aka warware dunƙulen gindin baka har ƙarshe amma izgar ba ta saki ba, ta gajarce. Barin ta haka na karkata sandar, yana iya ɓalle kan bakan ma. A sa shi cikin laima kwana biyu, in bai saki ba a sake masa izga mai ɗan tsawo.

Malama Rifkatu: Ga masu bayolin, ƙaro mai duhu ya fi taushi, ya fi dacewa da wannan lokaci. Bayan kowane kiɗa a share farin garin daga fuska da busasshen tsumma mai laushi. Kuma don Allah kada sifirit ya kusanci jikin kayan, ɗigo ɗaya na narkar da fentin.

Umaru Maijita: Jita fa? An manta da mu.

Kafinta Bello: Ba a manta ba. Ka shafa gefen wuyan da hannu. In ka ji bakin ƙarafan matakai, waɗanda ke jere a gicciye a kan wuyan, na karce ka, allon ya tsuke ya bar su a waje, domin ƙarfe ba ya bin sa. Sannan ka ɗora doguwar rula a gicciye a bayan jaki. Lafiyayyar fuska tana da ɗan doro, rular za ta taɓa tsakiya. In ka hango haske a tsakiya, ta lotsa, daga nan zuzun yake. Wayoyin ƙarfe shida suna ja da wajen kilo 70, saboda haka ka duba bayan jakin ko takarda na shiga ƙarƙashinsa. Kuskuren da ake yi shi ne a ruga a murɗa ƙarfen cikin wuya. A bari tukuna: a rufe ta cikin laima kwana 3 zuwa 7, sau da yawa zuzun da kansa yake tafiya. Jitar falawud mai araha ta fi jurewa, abin dariya, domin an gicciya sassanta sun riƙe juna. Mai tsada ta tsantsar allo ita ce 'yar lele.

Ɗan Yawuri: Kowa sai cewa yake a sa cikin laima. A ina za a samo laimar a Fabrairu? Ba kowa ke da na'ura ba, balle wutar kunna ta.

Injiniya Nura: Ba a jiƙa ɗaki, akwati ake jiƙawa. A sami gidan sabulu na roba mai murfi, a huda murfin wuri 8 zuwa 10 da ƙusa mai zafi. A jiƙa soson katifa da ruwa mai tsabta, a matse shi har ya daina ɗiga, a sa ciki a rufe. A ajiye a akwatin kayan inda ba zai taɓa jikinsa ba, ba kuma zai kife ba. A duba duk kwana biyu, in ya bushe a sake. Wanda ba shi da akwati, adakar ƙarfe ko babbar leda mai kauri ta wadatar. Ɗakin da randa take ya fi sauran ɗakuna, in ana rufe ƙofa da taga, amma kayan kada ya jingina da ita.

A nemi ƙaramin ma'aunin laima na batir, kuma a gwada gaskiyarsa, don masu arahar na yin ƙarya. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, a rufe su tare da ma'aunin a cikin leda marar huji, a bari ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In 68 ya nuna, ka san kullum za ka ƙara masa 7.

Malama Rifkatu: A nan zan ɗan saɓa da littattafan waje. Suna cewa a riƙe 50. To kayan da ke kwana a 50, a fito da shi filin da ke 12 a yi awa uku ana kiɗa, a mayar, gobe a sake, kullum yana hawa yana sauka. Ni a ganina a nan ƙasar a nemi 35 zuwa 40 a cikin akwati da hunturu. Tazarar ta ragu, kuma an tsere wa wurin haɗari.

Injiniya Nura: Na fahimce ki Malama, amma awa uku ba ta isa ice ya zubar da ruwansa duka ba, kwanaki yake ɗauka. Gara ya koma inda zai farfaɗo sosai. Ni 45 zan ce.

Malama Rifkatu: Katako mai kauri kwanaki ne. Allon milimita 3 da cikinsa ba fenti ba ya jiran kwanaki, Injiniya. Amma tsakanin 40 da 45 ba za mu ɓata ba. Abin da ba na so shi ne soso sharkaf a rufaffen akwati har ya haura 65, sai fumfuna ta fito, wayoyi su yi tsatsa, gam ya saki.

Baba Maigoge: Goge dai kada a kai shi nan. Laima kaɗan yake so, in ta yi yawa ya koma na damana. In za a fara kiɗi anka ji hwata ta cika tsauri, a jiƙa tahin hannu a yarhe, a shahe ta sau ɗaya, ko a huro mata huci. Ba a zuba ruwa. Jiƙo da bushewa da sauri-sauri shi ka buɗa ramin ƙusa.

Hajiya Kulu: Tunda an zo nan, lokacin rufi ma abin dubawa ne. Fatar da aka ja iya ƙarfi da damina ita ce ke yagewa a Janairu, domin ba a bar mata wurin tsukewa ba. Mai rufi da damina ya bar ta da ɗan sauƙi. Mai rufi da hunturu ya ja sosai, amma ya shanya a inuwa cikin ɗaki kwana biyu ko uku, ya yafa mata tsumma. A rana gefe na bushewa kafin tsakiya, sai ta ja karkace. Ƙwarya kuma a zaɓi ta bara wadda ta ga hunturu ɗaya ta tsira, mai kaurin baki. In ta fara darewa, a huda ɗan rami da tsinin basilla a daidai inda tsagar ta tsaya don kada ta ci gaba, sannan a kai wa gyartai ya ɗinke, a toshe layin da kaki. Ba za ta koma kamar sabuwa ba, amma za ta fitar da shekara.

Ɗan Yawuri: Garaya da molo da aka koma sa musu zaren kamun kifi fa? Roba ai ba ruwanta da iska.

Baba Maigoge: Zaren bai damu ba sosai, amma ɗaurin hwata da ka riƙe shi ga sanda ya damu. Sanda ta rame, zoben shi zame, kiɗi shi sauka tsakiyar waƙa. A kwance, a ɗan jiƙa igiyar hwatar, a sake naɗawa a bari ta bushe kan sanda. Kuntigi ne dai ɗan gata, gwangwani bai san hunturu ba, hwatar kawai za a lura da ita.

Umaru Maijita: Saura kunnuwan bayolin da ke zamewa. Wani ya ce a buga su ciki da ɗan katako.

Malama Rifkatu: A'a! A zare kunnen, ɗaya bayan ɗaya ba duka tare ba. Za a ga zobba biyu masu ƙyalli inda yake gugar rami. A goga alli kaɗan a nan don ya kama, in yana ƙara yana tsalle a haɗa da ɗan busasshen sabulu. A mayar, ana murɗawa ana turawa a hankali, a naɗa tsirkiyar ta nufi bangon da ke ɓangaren kan kunnen, ita da kanta za ta riƙa jan sa ciki.

Kafinta Bello: Kuma duk wanda ya tura kunnuwa ciki da hunturu ya sa a ransa zai sassauta su kafin ruwan farko, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ya kuma cire soson daga akwati a lokacin. Kunnen da aka cusa ramamme, da laima ta dawo zai kumbura a cikin ramin ya cije, in an yi rashin sa'a ya tsaga gidan kunnuwan. In ya riga ya cije kada a sa filaya. A rufe kayan a leda da 'yan ƙunshin tsakuwar nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, kwana ɗaya ko biyu, sannan a tura shi ta siririn ƙarshensa da gindin fensir ana murɗawa baya.